Daga Birnin Kebbi zuwa Madina, awa nawa ne a jirgi?

Ɗan uwa, ka ce Inna za ta sauke farali, kana tambayar nisan tafiyar da awa nawa za ta yi a sama, don tana fama da ciwon ƙafa.

Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Madina, a miƙe, kilomita 3,900 ne da ɗan wani abu. Jidda ta ɗan fi kusa, wajen 3,800. Da can awa huɗu da rabi zuwa biyar ne. Amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage ke kauce wa samaniyar ƙasar, sai zagaye ya ƙara kusan awa biyu. Ka ƙiyasta shida zuwa bakwai.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Idan an tashi goma na dare aka yi awa shida, agogon Inna zai nuna huɗu na asuba, na can kuwa shida na safe. Ni kaina na taɓa ɗaga hankalin gida a kan wannan, ana ta kiran waya.

Kuma zaman sansanin alhazai da layin tantancewa sun fi tashin kansa gajiyarwa. Maganinta ya zauna cikin ƙaramar jakar hannu, kada a cusa shi a babban akwati. Ta riƙa motsa ƙafa, tana ɗan takawa.

Kumburin ƙafar dai likita ya duba kafin tafiya. Ranar tashi kuwa, hukumar alhazai ta jiha za ka tuntuɓa.