Me ya sa sankarar ƙwan mace ke saurin bazuwa a ciki?

'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin tambayi yadda aka yi ciwon da ya fara a ƙwan mace ya mamaye cikinta tun kafin ku ankara a nan Damagaram.

Wannan sankarar ba ta cika bin jini ba da farko. Ƙwayoyinta ne ke ɓallewa daga ƙwan, su yi ta yawo cikin ruwan da ke tsakanin hanji, har su maƙale a wannan shimfiɗar kitsen da ke rufe hanji, irin wanda kike gani in an feɗe ragon Layya. Kitsen nan abinci ne gare su.

Kuma ba su kaɗai suke aikin ba. Jiki na da ƙwayoyi da ake kira fiburobilas, su ne masu saƙa zaren nama, masu ɗinke rauni in an yanke. Sankarar tana sakar musu sinadarai, ciki har da TGF-beta, sai su juya su zama 'yan aikinta: su saƙa mata wurin zama mai tauri, su taimaka a jawo mata sababbin jijiyoyin jini, su kare ta daga magani. Wani lokaci ma su da ƙwayoyin sankarar tare suke dunƙulewa su yi tafiya cikin ruwan. A ganina, nan ne muguntar ciwon take.

Kumburin cikin kuwa, ruwa ne ya taru, shi ya sa take ƙoshi da loma biyu. Mata da yawa sai a mataki na 3 ko na 4, wato bayan ciwon ya bazu, ake gano musu.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ku tambayi likita batun tiyata da magungunan sankara carboplatin da paclitaxel, ko da za a tura ku Yamai.