Hilux mai gas ko mai fetur: amsa ga wani ɗan kasuwar albasa a Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa da hatsi ne a Sakkwato. Ina saro kaya daga Goronyo da Wurno da Gada, ranar Laraba ina cin kasuwar Achida, ranar Lahadi kuma Illela. Kuɗin hayar mota ya ishe ni, ina so in sayi akori-kura tawa ta kaina. Na samu Hilux biyu na hannu, kusan sa'annin juna, ɗaya mai fetur ɗaya mai gas, amma mai gas ɗin ta fi tsada da naira miliyan 3. Abokai sun ce in rufe ido in ɗauki mai gas don ba ta shan mai. Direba zan ba, kuma a ƙiyasina ba za ta wuce kilomita 20,000 a shekara ba. Wacce za ta fi min sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. A irin zirga-zirgar da ka faɗa, mai fetur zan ce ka ɗauka, miliyan ukun nan kuma ka bar su cikin albasa. Abokanka ba ƙarya suka yi ba, injin gas ya fi na fetur tattalin mai. Sai dai sun tsaya ne a kan lita, kai kuwa naira za ka riƙa fitarwa.

Dalilin da ya sa mai gas ba ta sha sosai sananne ne. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kashi goma da wani abu cikin ɗari, sannan injin gas yana matse iska sosai kafin ya ƙona man, don haka abin da yake ɓarnatarwa bai kai na injin fetur ba. In aka haɗa biyun, za ka ga mai gas tana shan ƙasa da mai fetur da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma bambancin ya fi fitowa idan da lodi a bayanta. Amma a Najeriya gas ya saba fin fetur tsada a gidan mai. An daɗe da sakin farashinsa ga kasuwa, alhali fetur yana da tallafi har zuwa 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. A 2022, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, gas ya kai wajen 800, masu motocin gas kuwa sun ji jiki. Bayan cire tallafi, da kuma fara fitowar man matatar Dangote a 2024, tazarar ta ragu ƙwarai, shi ya sa maganar "gas ta fi" ta dawo bakin mutane. Tazarar nan ita ce dukan maganar, kuma ba ta zama wuri ɗaya.

Bari mu buga lissafi. Lambobin misali ne, ka cire su ka sa na ranar da za ka saya. Mu ɗauka mai fetur, wato injin 2.7 da aka fi gani a nan, tana shan lita 13 a kilomita 100 da lodi, mai gas kuma tana shan lita 10. Mu ce fetur naira 950, gas 1,150. Kilomita 100 zai ci maka 12,350 a mai fetur, 11,500 a mai gas. Rarar naira 850 ke nan. A kilomita 20,000 ɗinka ta zama 170,000 a shekara. Raba miliyan 3 da wannan, za ka ga sai ka shekara 17 da ɗoriya kafin rarar mai ta biya ka abin da ka ƙara wajen saye. Motar da ka saya ta hannu ba za ta jira ka har lokacin ba.

To, mu yi wa mai gas adalci. A ce farashin ya zo daidai, kowanne naira 1,000. Rarar ta koma 3,000 a kilomita 100, wato 600,000 a shekara, shekara 5 ta mayar da kuɗinta. Wanda kuma ke yin Sakkwato zuwa Kano duk mako, tafiyar da ta haura kilomita 500 kafin a yi maganar dawowa, har ya tara kilomita 60,000 a shekara, shi rararsa miliyan 1.8 ce, bai cika shekara biyu ba ya fanshe. Shi ne mutumin da aka yi wa mai gas. Sakkwato zuwa Illela kuwa bai kai kilomita 100 ba, kuma kai ka fi ni sanin yadda tafiya ke ja baya idan kakar albasa ta wuce.

Ga ma'aunin da za ka riƙe a ka. Da lita 13 da lita 10, duk ranar da farashin gas ya ɗara na fetur da kashi 30 cikin ɗari, rarar ta mutu. Idan fetur yana 950, gas ya kai 1,235, kun yi kunnen doki a mai, sauran duk abin da ya biyo baya kuwa mai gas ce za ta fi ci.

Abin da ke biyo bayan shi ne gyara, kuma a nan nake so mu daɗe, domin nan ne masu sayen mota ba sa dubawa. Juyen baƙin mai kaɗai: injin gas na Hilux yana ɗaukar wajen lita 7, na fetur 5 da wani abu, kuma man injin gas yana saurin baƙi, ba ya son a ja masa lokaci. Ga filtar gas da dole a riƙa canzawa a kai a kai, ga ɗan kofin da ke ƙarƙashinta mai tara ruwa, wanda ake kwance shi a tsiyaye. Direbobi da yawa fitilar gargaɗinsa za ta kama a gabansu su ci gaba da tafiya. Injinan gas na Hilux da ake kira D-4D, na 2.5 da 3.0, bel ne ke juya musu tayimin, ana canza shi idan ya cika kilomitocinsa, alhali 2.7 mai fetur sarƙa gare shi. Ta ɗaya ɓangaren, mai fetur tana son fulogi da kwayil, amma waɗannan kayan da za ka samu a cikin gari ne, ka ɗaura kafin azahar.

Babbar barazanar ita ce nozul da famfon gas. Injin D-4D da waɗanda suka biyo bayansa, 2.4 da 2.8, suna fesa gas ne da matsi mai tsananin gaske ta ƙofofin da suka kusa siririn gashi. Gas ɗin ne da kansa ke zama musu maiko. Ruwa kaɗan, ko ƙura, ko gas ɗin da aka yi wa haɗi da kananzir, ya isa ya cinye su. Alamar tana farawa a hankali: motar ta riƙa wahalar tashi da safe, tana kakkarwa in tana tsaye, sai hayaƙi, sai ƙarfi ya ragu a hawa. Nozul huɗu ne, kuma sau da yawa in ɗaya ya tafi sauran suna hanya. Kuɗin saiti ɗaya na gaske, da aikin ɗaurawa da saita su a kwamfuta, yana iya lashe rarar man shekaru da dama a irin lissafinmu na farko. Ka ƙara da tabo (turbo), na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, wanda ba ya shiri da ƙura. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo muke shaƙa, filtar iska tana toshewa cikin 'yan makonni, yaron mota ya cire ta ya bubbuga a jikin taya har ta yage, ya mayar.

Yanzu ka tambayi kanka a ina motar za ta riƙa shan mai. Idan koyaushe a babban gidan mai ne cikin Sakkwato, da sauƙi. Amma motar kasuwa ce, wata rana mai zai yanke a ƙauye, direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi jarka. Injin fetur zai sha gurɓataccen mai ya yi tari ya wuce, a wanke masa tanki da filta. Injin gas na zamani ba ya yafewa. Kuma motar da ta mace da yamma a hanyoyin gabashin jihar nan, a halin da ake ciki na tsaro, ba maganar kuɗin gyara kaɗai ba ce.

Sannan waye zai gyara? Ka shiga Buzaye, matattarar makanikai a Sakkwato, ka tambaya, masu iya injin Hilux mai fetur ba su ƙirguwa. Masu iya tsohon injin gas, irin 3L da 5L marasa tabo, su ma akwai su, kuma injinan nan suna da haƙuri, sai dai nauyin jiki. Na zamani kuwa yana buƙatar mai na'urar gwajin nozul da kwamfuta. Kafin ka biya ko kwabo, ka nemo mutumin da idonka, ka ga na'urarsa. Idan amsar ita ce sai an kwance an aika Kano ko Kaduna, to ka lissafa kwanakin da motar za ta yi a kan dutse, kana biyan direba, kana kuma biyan hayar da ka gudu daga gare ta, ga albasa ba ta jiran kowa. Ka kuma duba asalin motar. Masu gas da aka yi wa kasuwar Turai a shekarun baya-bayan nan suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa, DPF, wasu har da tankin AdBlue, wani ruwa da ake zubawa don tsabtace hayaƙi. An yi su ne don gas mai tsabta da doguwar tafiya. A nan matatar kan toshe, motar ta rage gudu da kanta, a ƙarshe a yanke ta a taɓa kwamfutar, aikin da in ba a iya ba sai ya haifar da wani.

Zancen direba kuma, ban ce naka ba mai amana ba ne. Amma gas yana da masu saye a ko'ina, daga mai injin niƙa zuwa mai janareta, fetur ma ga 'yan kabu-kabu. Lita biyu a kowace tafiya ta isa ta shafe rarar naira 850 ɗin can. Ko wacce ka saya, ka ajiye littafi a cikinta: kwanan wata, abin da mita ta nuna, litar da aka sha.

Akwai wurare biyu da mai gas ta yi gaba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na farko ƙarfin ja: tana ɗaukar lodi tun daga ƙasa ba sai an taka ta sosai ba, a yashi ko laɓar fadama za ka ga bambanci. Na biyu, in an kula da ita injinta yana daɗewa, kuma ranar sayarwa wani abu daga cikin miliyan ukun zai dawo. Sai dai ƙarfin nan shi ke yaudarar mutane. Hilux, ko mai gas ko mai fetur, kayan da aka yi ta don ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Buhun albasa cikakke kuwa ka san nauyinsa. Injin gas zai ja buhu ashirin bai yi ƙorafi ba, amma sifirin da kuloci da taya da birki su ne za su biya. Idan lodinka kullum ya ninka tan ɗaya, ba gas da fetur ya kamata ka kwatanta ba, Hilux da Canter ya kamata.

Sai miliyan ukun kansu. Kai ɗan kasuwa ne, kuɗi a hannunka ba ya kwana. Ka sayi albasa da su a kaka lokacin da ta yi araha, ka zuba a rudu, ka cire wadda za ta ruɓe da wadda za ta sha iska, ka fitar lokacin da ta yi daraja. Ko hatsi ka saya ka ajiye. Ribar da suka saba kawo maka a shekara, ko a shekarar da ba ta yi kyau ba, ka ajiye ta kusa da 170,000 ɗin can ka gani. Ni ban san dabarar da za ta sa ƙarfe ya fi jari haihuwa a kilomita 20,000 ba.

Wasu za su ce maka mai fetur tana da wata fa'ida, wato ana iya mayar da ita mai amfani da iskar CNG cikin sauƙi fiye da mai gas. Gaskiya ne, amma kada ka sa shi a lissafi sai ka ga wurin shan iskar a kan hanyar da kake bi, kuma tukunyar tana cin wuri a bayan mota.

Abin da zai sa in canza magana shi ne idan kana da niyyar sa ta haya a ranakun da ba ka da kasuwa, ko ka fara kai kaya Kano da Kwantagora da kanka, har tafiyarta ta kai kilomita 50,000 a shekara, kuma ka samu bakaniken gas da gidan man da ka yarda da su. Ko kuma mai ita ya sauko, bambancin ya dawo miliyan ɗaya ko ƙasa.

Kafin ciniki, ka roƙi a ba ka kowacce ta yini ɗaya. Ka cika tanki har baki, ka mayar da mitar tafiya sifili, ka yi mata lodin da ka saba, a je Achida a dawo, ka sake cikawa a famfon da ka sha da farko. Litar da ta shiga ita ce gaskiyar shanta, ba abin da dillali ya faɗa ba. Mai gas ɗin kuma ka je mata da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbata da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Ka tsaya ta baya ka kalli salansa. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai ba ne, amma fari ko shuɗi da ya ƙi ɗaukewa magana ce. In ta yi zafi, ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. Idan yana tsalle, hayaƙi na busowa da ƙarfi, ringi ya gaji, ka cire kuɗin sauke inji daga farashin ko ka bar musu abarsu.