Kafin ku hau Dutsen Kwatarkwashi

Ɗana Bashiru, saƙonka ya iso, muna lafiya lau. Ka ce kai da abokanka na makaranta kuna so ku taso daga Gusau ku yini kan Dutsen Kwatarkwashi ku dawo da yamma, sai wani ya ce muku ba a hawa sai an fara gaisuwa wajen masu gari. Kana tambaya ko wannan al'ada ce mai tushe ko camfi ne kawai.

To, da tushenta. Ku 'yan boko in kun ga dutse sai ku ɗauka ba na kowa ba ne, alhali kowane dutse a ƙasar nan da masu shi. Na Kwatarkwashi, na Tsafe, na Kanoma, duk mafaka ce a zamanin yaƙi da hari. In an hango ƙurar mahaya, sama ake kai mata da yara da hatsi. Baƙon da ya hau ba sallama kuwa, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi. Daga nan gaisuwar ta samo asali, tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, ba zan ɓoye maka ba. Kwatarkwashi ta yi suna da tsafin Magiro a zamanin maguzanci, har akwai wuraren da baƙo ba ya takawa, ana kuma bikin kamun maiki a jikin dutsen. Musulunci ya kawar da wannan, alhamdu lillahi. Ba wanda zai ce ka yanka baƙin bunsuru. Wanda duk ya nemi haka gare ku, ɗan damfara ne, ku ba shi wuri.

Abin da ya rage ladabi ne. Ku je wajen mai unguwa ko ƙofar fada da ɗan goronku, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo ku. Garin sarauta ne mai nauyi. Marigayi Sarki Ahmad Umar shekara 61 ya yi kan gado kafin rasuwarsa a 2022. Za su haɗa ku da ɗan jagora, galibi maharbi ko yaron da ya tashi yana kiwo a wurin. Shi ya san inda ƙudan zuma suke, da kogon da ba a shiga, da falalen da ke da santsi. Ni da ƙuruciya na raina wannan, na fesa turare na bi wata hanya ni kaɗai. Zuma ta koya mini hankali, kwana uku idona bai buɗe ba, kakarka tana shafa mini magani tana dariya.

Yanzu ma ga babban dalili. Ka san halin da dajinmu yake ciki da 'yan bindiga. Mutanen gari ne kaɗai suka san ko yau ana fita ko ba a fita. In suka ce a'a, ku juya ba gardama, dutsen ba gudu zai yi ba.

In Allah ya sa kun hau, ku fara bayan sallar asuba, da kaka ko hunturu, ban da damina. Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa. Kada ku gangaro da dutse don wasa, akwai gonaki da mutane a ƙasa. In kun ga tsingaro ko ramin niƙa, ku duba ku bar shi inda yake. In jagora ya nuna kushewa, ku yi shiru ku wuce.

Ka kuma tambaye shi ta ina 'Yandoto take, can wajen Tsafe. Garin malamai ne tun kafin jihadi, wanda Muhammadu Bello ya ci a 1806. Daga can Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau ɗin da kake zaune.

Ku sauko kafin la'asar, ku koma ku yi sallama da waɗanda kuka gaisar, ku ba jagora hasafinsa. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.