Keken ɗinkin da goggona ta ba ni, in na sayar ma ƙawata na yi laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Lokacin bikina a 2016 goggona, ƙanwar babanmu, ta ba ni keken ɗinki, baƙin nan na ƙafa, na yi ta aiki da shi har bara da Allah ya hore mani na lantarki, tun daga nan yana jingine a ɗaki ƙura na hawa kanshi. Yanzu aminiyata ta ce in sayar mata ɗiyarta za ta fara koyon ɗinki, ni kuma ga kuɗin makarantar yara sun taso. Maigida ya ce abin kunya ne, kyauta ba a sayar da ita, wata maƙwabciyata har ta kawo mani hadisin karen da ke komawa ga amanshi, hankalina ya tashi. Kuma ƙawar tawa ba ta san kyauta aka ba ni ba, sannan keken yana ɗan tsallaken ɗinki in yadi ya yi kauri. Don Allah ya halatta? Kuma nawa ma zan ce mata, wallahi kunya nake ji.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama ki kwantar da hankalinki, keken naki ne, ki sayar, kuɗin halal ne ki biya ma yara makaranta.

Maƙwabciyarki hadisinta ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi daga Ibnu Abbas, sai dai ta ɗora shi inda ba nan ne mazauninshi ba. Wanda aka kamanta da kare mai komawa ga amanshi shi ne wanda ya BAYAR da kyauta sannan ya dawo ya ce a maido mashi. Ke ba ki bayar ba, ba ki aka yi. Da ace goggo ce ta aiko yaro ta ce a naɗo mata kekenta bayan shekaru, to nan ne za a karanta hadisin, kuma ko nan ɗin da ladabi, goggo uwa ce.

A fiƙihun Malikiyya da muka tashi da shi a zaurukan garin nan, kyauta tana cika ne da karɓa a hannu, duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wurin. Tunda aka shigo da keken ɗakinki da kayan jere, kika hau kika taka shekara da shekaru, ya fita daga mulkin goggo ya shiga naki, kamar dai kin je Babbar Kasuwa kin ƙirga kuɗinki kin saya. Iyaye kaɗai aka ba damar su karɓe kyautarsu, uba a wurin ɗanshi, uwa ma da sharuɗɗanta, shi ma uban in ɗan ya yi aure ko ya ci bashi a kan dogaro da kayan, ko kayan sun canza, damar ta faɗi. Goggo, kawu, yaya, aboki, babu ko ɗaya cikinsu da ke da wannan.

Kuma maganar sayar da kyauta ba ƙiyasi muke yi ba, ta faru a gaban Annabi (SAW). Ya taɓa aika ma Sayyidina Umar da riga ta alharini, Umar ya ɗauko ta ya zo ya ce ya Manzon Allah, kai ka ce wannan tufar wanda ba shi da rabo ce, sai kuma ka aiko mani da ita? Ya ce mashi ka sayar da ita ko ka biya buƙatarka da ita. Yana cikin Bukhari. Kin ga mai kyautar da kanshi, wanda babu kyautar da ta kai tashi daraja, shi ya ce a sayar.

Abu ɗaya zan ce ki tuna da kyau, mi goggo ta faɗa ranar da ta bayar. In "ga shi na ba ki, Allah ya sa albarka" ta ce, shi ke nan. In kuma ta ce "riƙe ki riƙa ɗinki kafin ƙanwarki ta taso", to wannan aro ne ko da an kira shi kyauta, kuma kayan aro ba a kai shi kasuwa. Akwai kuma kyautar da ake yi don a rama, wadda malamai ke ce ma hibatus sawab, mu nan ita ce bikin da mata ke yi ma juna, na kawo maki turmin atamfa ranar sunanki ina jiran ranar nawa. Ita ma ana iya sayar da kayan, sai dai ramuwar tana nan wuyan wadda ta karɓa. Amma goggo ga ɗiyar wanta ranar aure, a al'ada ba biki take jira ba, gudummawar uwa ce.

Maigida kuwa, Allah ya ƙara mashi girma, ba shari'a yake faɗa maki ba, kunyar idon dangi yake ji maki, kar a ce an wulaƙanta kyautar babba, kuma ba maganar banza ba ce, zan dawo kanta. Ta fuskar hukunci dai mace na da ikon saye da sayarwa a dukiyarta ba sai da izinin miji ba. Inda Malikiyya suka ba miji baki shi ne in za ta kyautar da abin da ya haura sulusin dukiyarta. Wannan ilimi ne na ba ki, ba makami ba, kar ki je ki ce mashi Malam ya ce ba ruwanka. Zama za ku yi ki nuna mashi takardar kuɗin makarantar.

Yanzu ga inda ni nake jin tsoro, kuma shi ne ƙarshen tambayarki da kika rubuta kamar ƙaramin abu: tsallaken ɗinki da kunya. Kyautar goggo ba ta dame ni ba, cinikin aminai ne ke ɓata mutane. In baƙuwa ce ta zo sayen keken nan za ta zauna ta taka, ta buɗe ta duba ƙoshiya da kwarkwaro, ta ja bel ta ji ko ya saki, ta ce a kawo ƙyalle mai kauri ta gwada, ta taya ki ce albarka, ta ƙara ki ce albarka, har ku daidaita ko ta tafi, kowa ya kare kanshi. Aminiya ba za ta yi ko ɗaya ba. Za ta ce haba ai na yarda da ke, faɗi kawai. Ke kuma ko dai ki faɗi kuɗin da ya yi mata yawa ta kasa cewa a rage, ta biya tana murmushi cikinta na ƙuna, ko ki karya shi ƙasa don kunya ki sallama, ki kwana kina lissafin abin da kika yi asara, duk ranar da kika ga yarinyar kan keken ranki ya sosu. Duka biyun an samu kuɗi ko kaya ya fita hannun mutum ba da daɗin rai ba, alhali hadisi ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ranshi. Malaman fiƙihu har suna suka ba mai saye irin ƙawarki, mustarsil, wanda ya miƙa wuya ya ce ban san farashi ba na dogara da kai, kuma sun tsananta a kan cutar da shi fiye da wanda ya tsaya ya yi ciniki.

Ni kaina ya taɓa cin ni. Shekarun baya na sayi mashin na hannu wurin wani abokin karatuna, ban taya ba, ban kai ma makanike ba, don ina ganin in na yi haka kamar na tuhume shi ne. Kwana ukku na gane sai an tura shi yake tashi da safe. Ban iya faɗa mashi ba, shi ma da ya san da matsalar bai iya kallon idona ba, muka yi kusan shekara in na hango shi a sahun Juma'a sai in canza ƙofar fita. Kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, shirun ne ya yi ɓarnar.

Saboda haka tsallaken nan dole ki faɗa, wannan ba zaɓi ba ne. Annabi (SAW) ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana za a sa masu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar, hadisin Hakimu ɗan Hizam ne. Kuma faɗar ba irin ta "ai kin san tsohon keke sai haƙuri" ba, wannan rufa-rufa ce da sunan bayani. Ki kira ta da ɗiyar, ki ninka ƙyallen jins ko shadda biyu ki sa ƙarƙashin allura ki taka a gabansu su ga inda zaren ke tsallakewa da idonsu. Sau da yawa ma irin wannan allura ce ba ta dace da yadin ba ko ta lanƙwashe, ko saiti ya goce, mai gyara zai duba ya faɗa maki, in ƙaramin abu ne ki gyara kafin ki miƙa.

Mai gyaran nan shi ne kuma maganin kunyarki. Kar ke ki yanke kuɗin, kar ita ta yanke. A kira mai gyaran keke ko tela dattijo wanda ya san kasuwar na hannu, ko biyu ma, ba ɗan'uwanki ba ba nata ba, ya duba ya ce yau irin wannan kaza yake. Daga nan in kina son ki yi mata ragi sai ki faɗa a fili: an ce kaza, na rage maki kaza don zumunci. Ta san abin da kika bari, ke ma kin san da gangan kika bari, ladarki cikakka, kin shiga addu'ar Annabi (SAW) ga mai sauƙi in zai sayar, mai sauƙi in zai saya. In kuma kuɗin makarantar ba su bar maki wurin ragi ba, ki karɓi kuɗinki cif, babu rowa a ciki. Ranar hijira Sayyidina Abubakar ya ce ma Annabi (SAW) ya ɗauki ɗaya cikin raƙumanshi biyu, ya ce sai dai da kuɗi. Wace aminta ce ta kai wannan?

Sai batun bashi, don na san yadda abin ke ƙarewa, "zan ba ki rabi yanzu, sauran in an kwashi adashi". Ya halatta, amma a sa rana, a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In kin san ba za ki iya buɗe baki ki tambaye ta ba in ranar ta wuce, to kuɗi hannu ya fi maku.

Ko sai kin gaya mata kyauta ce? A hukunci ba dole, farashin kaya ba ya bin yadda aka same su, gado ne ko kyauta ko saye. Abin da ya haramta shi ne ki ce "ni ma kaza na saye shi" don ki ƙarfafa kuɗin, wannan ƙarya ce tsirara. Amma ni shawarata ki faɗa mata. Katsina ce fa, wata rana a gidan suna wata za ta ce a'a wannan ba keken da goggon wance ta ba ta ba ne, gara ta ji daga bakinki.

Tunda muna kai, wani zai tambaya in wanda ya ba ka kyautar ne da kanshi ke son saye fa? Sayyidina Umar ya taɓa ba da doki saboda Allah, wanda aka ba ya wulaƙanta shi, Umar ya so ya saye don yana zaton zai sayar da araha, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce kar ka saya ko da a kan dirhami ɗaya zai sayar maka da shi. Malamai sun fi ɗaukar hanin nan a kan sadaka, kyautar zumunci kuwa da sauƙi, amma ki lura da dalilin da suke kawowa, wanda aka ba zai ji nauyi ya karya farashi, sai ya zama mai bayarwa ya dawo da wani ɓangare na abin da ya bayar ta bayan gida. Kunyar nan ce dai.

Mu koma ga maigida da goggo. Izininta ba sharaɗi ba ne, amma kar ta ji a bakin duniya. Tsofaffinmu abin da ke masu ciwo ba fitar kayan ba ne, a ce an raina abin hannunsu. Ki shirya ki je da ƙafarki, ba waya ba, ki riƙe ɗan sabulu ko turare, in da hali ki ɗinka mata riga a kan keken kafin ya bar ɗakin. Ki ce Goggo keken nan da kika ba ni shi ya ɗinka mani har na sayi na lantarki, yanzu wata yarinya za ta koyi sana'a a kanshi, kuɗin kuma jikokinki zan biya ma makaranta. Galibi albarka za ta sa. In kuma kika ga fuskarta ta canza, ko ta ce ai na marigayiya kakarku ne na so ya zauna a gida, to nan ki tsaya ki auna, wata ƙanwa ko ɗiyar dangi na iya saye ya zauna cikin zuri'a, ƙawarki kuma ki raka ta wurin mai gyaran ya nemo mata wani.

Wallahu a'alam.