Har yaushe Allah zai yi shiru a kan masu tsananta wa masu bi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Allah zai bi wa bayinsa hakkinsu, ganin masu zaluntarsu suna ta cin karensu babu babbaka. Tambayarka tana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A littafin Wahayi sura 6, da aka ɓalle hatimi na biyar na littafin da aka hatimce, Yohanna ya ga rayukan waɗanda aka kashe saboda Maganar Allah a ƙarƙashin bagade, suna kuka da babbar murya suna tambaya har yaushe. Babu wanda ya tsawata musu. Aka ba kowannensu farar riga, aka ce su ɗan ƙara hutawa. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai: an riga an wanke su tun kafin ranar shari'a ta zo.

A Luka 18, gwauruwa ta yi ta zarya gun alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya ganin girman kowa, har ya gaji ya bi mata hakkinta. Yesu ya ce, in azzalumin alƙali ya yi haka, balle Allah ga zaɓaɓɓunsa masu kuka dare da rana. Shi ya sa Romawa 12:19 ta hana mu ramuwa, ta bar ta a hannunsa.

Ka kuma duba Istifanus, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa ga Yesu. Ana jifansa da duwatsu, ya durƙusa yana roƙon kada a ɗora musu wannan zunubi. Saurayin da masu jifan suka ajiye tufafinsu a gabansa ranar, Shawulu, shi ne ya zama manzo Bulus.