Akwai dokar da za ta taka wa kuɗin kamfanoni birki a zaɓen Amurka?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa kamfanoni na zuba kuɗi a zaɓen Amurka yadda suka ga dama. Haka ne? Babu mai iya hana su?

Amsa: Da gaskiya a maganar, amma da sauran bayani. Tun 1907 dokar Tillman ta haramta wa kamfani ya danƙa wa ɗan takarar tarayya kuɗi hannu da hannu, kuma har gobe haramcin yana nan. Ta wata ƙofa ɓarakar ta shigo. Ranar 21 ga Janairu 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce kashe kuɗi a kan tallan siyasa faɗar albarkacin baki ne, wanda tsarin mulki ya kare. Saboda haka kamfani ko ƙungiyar ƙwadago na iya kashe ko nawa ne, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. A wannan shekarar aka fara kafa ƙungiyoyin tara kuɗi marasa iyaka da ake kira Super PAC.

Wannan sharaɗi na rashin haɗa baki shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan takara ya san wanda ya biya kuɗin tallan da ya kayar masa da abokin hamayya, ko da ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba. Idan kuma kuɗin ya bi ta ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su gudummawa ba, mai jefa ƙuri'a ne kaɗai aka bari a duhu.

Jihar Montana ta yi ƙoƙarin riƙe tsohuwar dokarta ta 1912 da ta hana kamfanoni kashe kuɗi a zaɓe, Kotun Ƙoli ta rushe ta a 2012. Gyaran tsarin mulki don soke hukuncin Citizens United kuwa sai da kashi 2 bisa 3 na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. Aiki ne ja.

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta dokar kafa kamfanoni. Kamfani ba haifarsa aka yi ba, jiha ce ta yi masa rajista, ita ta ba shi ikon mallakar dukiya da ƙulla ciniki. Wasu masana shari'a na cewa jiha za ta iya cire ikon kashe kuɗi a siyasa daga cikin abin da take ba shi tun farko. Mai kamfanin da ma'aikatansa suna nan da bakinsu da aljihunsu, asusun kamfanin ne kawai za a rufe wa ƙofa. Duk jihar da ta gwada za a maka ta kotu, amma ina goyon bayan a gwada.