Daga Abuja zuwa Kuala Lumpur, awa nawa ne a jirgi?

Ƙanena, na ga saƙonka, Allah ya sa albarka a gurbin karatun da ka samu. Ka ce ka duba ka ga tsakanin Abuja da Kuala Lumpur kilomita 10,400 ne da 'yan kai, kana tambaya ko cikin awa 12 za ka iso. Lissafinka daidai ne, domin jirgin fasinja na cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Sai dai babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ya sauka Malesiya kai tsaye. Dole ka yada zango, ko a Doha, ko Adis Ababa, ko Istanbul.

Mu ɗauki ta Doha. Daga Abuja zuwa can kusan awa 7 ne, daga can zuwa nan Kuala Lumpur kuma awa 7 da rabi ko makamancin haka. Ka ga zaman cikin jirgi kaɗai ya haura awa 14. Sauran kuma jira ne, kuma a nan tikiti ke bambanta da tikiti. Wani awa 3 zai ajiye ka, wani rabin yini kana kan kujerar ƙarfe, jakarka a cinya, kana leƙen allon tashin jirage. Mai arha yawanci shi ne mai dogon jira. Ni dai ban ba ka shawarar wanda jiransa bai kai awa 2 ba, domin jirgin farko na yin latti kaɗan, na biyu ya tafi ya bar ka. Kuma ka sayi tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar duka, yadda akwatinka zai wuce da kansa, in an sami jinkiri kuma kamfanin ne zai nema maka wani jirgin.

Abin da ya fi rikita sababbin zuwa shi ne agogo. Duk lokacin da ka gani a tikiti na garin da aka rubuta ne. Doha na gaban Najeriya da awa 2, Malesiya da awa 7. Misali, ka tashi ƙarfe 2 na rana, tafiyar duka ta ci awa 18: a gida ƙarfe 8 na safe ne, a nan kuwa 3 na yamma. Mai kallon tikitin zai ɗauka awa 25 ka yi. Don haka in za ka sanar da makaranta ranar isowarka, ka kwafo abin da ke tikitin yadda yake, kada ka yi musu naka lissafin.

Saukar ma ba ita ce isowa ba. Filin jirgin yana Sepang ne, wajen kilomita 50 daga tsakiyar birni, ga layin jami'an shige da fice. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres zai kai ka KL Sentral, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, cikin kimanin rabin awa.

Kwanakin farko barci zai riƙa kama ka da rana, da dare ido biyu, don haka ka iso da 'yan kwanaki kafin rajista. Turo min hoton tikitin kafin ka biya, mu duba tare. Ka gaida su Mama.